Gurmin Yaya da Usur ɗin Heluma

Abin da ya fi damuna da Sharada ta yanzu shi ne shiru. Ina zaune a ƙofar siton da nake gadi, wanda a da masaƙa ce, sai in ji kukan kurciya da hantsi. Kurciya fa, a Sharada! A zamaninmu ko jaki ne ya yi kuka a nan ba mai jin sa. Jiniya ke kiran mu, ita ke sallamar mu, kuma tsakanin ta safe da ta yamma ƙasa kanta rawa take yi a ƙarƙashin ƙafar mutum. Da sassafe kekuna ke cika titi, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a bayan sirdi, masu koko da ƙosai sun jeru a gindin katanga suna kiran mu da sunayen garuruwanmu. Ka doshi Bompai ka sha ƙamshin alawa da man gyaɗa. Ka doshi Challawa warin fata ya tarye ka tun ba ka hango hayaƙi ba. Mu ma'aikatan fata ko a masallacin Juma'a an san mu, don sahu yakan ɗan buɗe in mun shigo. Yanzu an kwance injinan an sayar wa 'yan gwangwan, an cika ɗakunan da kwalayen kayan waje, ni kuma an ba ni benci da kulki. An ce waiwaye adon tafiya. Ni nawa waiwayen ba ado a cikinsa, domin duk sanda na juya mutum ɗaya nake gani, da usur rataye a wuyansa.

Ni da yayana muka baro ƙauyenmu bayan wata damina da ba ta yi albarka ba, muka sami aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba, ni ne auta, kuma Auta yake kira na har ya bar duniya. Aka sa mu a injin kankare fata. Injin nan yana da gangar ƙarfe mai wuƙaƙe da ke juyawa ba tsayawa, da wata gangar roba da ake shimfiɗa jiƙaƙƙiyar fata a kanta. Fatar sa ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai biyu. A ƙasa akwai mataki guda ɗaya, yana gefena. In na taka shi, gangar roba ta kai fatar bakin wuƙaƙe, su kwashe nama da kitsen da ke jikinta cikin ƙiftawar ido. Aikin Yaya shi ne ya cusa hannunsa na hagu ƙarƙashin fatar ya warware inda ta naɗe. Daga inda nake ba na ganin hannun, fata ta rufe shi.

To, da me zan san ya fitar da hannu? Da waƙa. Haka muka tarar da manyanmu suna yi, kowane inji da tasa. Yaya ne mai bayarwa. Yana gyara fata yana rerawa da ƙarfi a saitin kunnena, ba ya kai ƙarshen baiti sai hannunsa ya fito:

Fata ta kwanta, hannu ya tashi,
Auta, ga taka, ni na gama tawa.

Ni kuma in amsa, “Na taka, Yaya, na taka,” ƙafata na sauka tare da amshin. In naɗin fata ya yi gardama, sai ya ja baitin, ya ƙara masa wutsiya, ni kuwa ba na motsi sai ya dire. Wani tsoho da ya riga mu aikin yakan ce mana, “Ku riƙe waƙarku da kyau, ita ce birkin injin nan.” Da azahar in an tashi cin abinci, Yaya ya ciro gurminsa daga buhu mu zauna a gindin dalbejiya. Ƙaramin gurmi ne, ƙwarya da fata da tsirkiya biyu, muryarsa ba ta wuce taku goma. Amma mutanen da suka wuni cikin rugugin inji sai ka ga sun daina tauna, sun matso. Mutanen Damagaram da na Haɗeja da na Kazaure, kowa ya roƙi a yi masa ta garinsu.

Shugaban leburorinmu, wanda muke kira Heluma, gajere ne mai tumbi, da tabon ƙuna a gefen goshi, kullum da usur a wuya. Yankunan fata da ake datsewa, waɗanda a al'ada ake bar wa leburori su kai gida a yi ganda, shi ya mai da su nasa, kullum buhu guda na bin sa gida. Yaya bakinsa ba ya ajiya. Wata rana sai ga sabon baiti a bakin inji:

Mai usur, cikinka ganda ne,
Kai da ungulu ba a bar muku yanki.

Kafin sati kowane inji ya ɗauka. Heluma ya tara mu ya ce nan kamfani ne ba gidan biki ba, duk wanda aka sake ji yana waƙa a bakin aiki ya ɗauki kekensa. Tsohon nan ya ce, “Heluma, to da me mai takawa zai san an ɗauke hannu?” Ya ɗaga usur ɗinsa ya ce, “Da wannan. Ni zan tsaya a kan ’yan bakin tsiyar nan biyu. In na ga hannu ya fita zan busa, in na busa ka taka.” Usur ɗin da yake kiran mai shara da shi, yake korar masu talla da shi, yake tsayar da mota da shi.

Kwana uku muka yi a haka. A na huɗu, da hantsi, ina duƙe ina riƙe da gefen fata, na ji usur, na taka. Ban ji ihun Yaya ba, inji ya fi shi murya. Abin da na ji shi ne gangar ta canja sauti, kamar an jefa tsakuwa a injin niƙa. Da na ɗago, Heluma ya ba mu baya, hannunsa a sama yana yafuto mai ɗaukar masa buhun ganda. Yatsu huɗu na hannun hagu suka tafi. Hannun da ke danna tsirkiya ke nan.

A ofis Manaja ya tambaye shi a gabana, “Ka busa ko ba ka busa ba?” Heluma ya dafa ƙirji ya ce, “Ranka ya daɗe, wallahi ban busa ba. Yaron nan ne ya taka da ka, dama hankalinsa ba ya jikinsa.” Mutum uku sun ji usur ɗin, amma kowa yana da bakunan da yake ciyarwa, suka sunkuyar da kai. Aka kore ni a ranar. Da Yaya ya fito daga asibiti ya je ya faɗi gaskiya, aka ce ai ɗan’uwa dole ya rufa wa ɗan’uwansa asiri. Na koma Bompai wajen masu matsar gyaɗa, labari ya riga ni isa. Na dawo Sharada masaƙa, nan ma in na wuce sai in ji ana cewa ga wanda ya yanke wa yayansa hannu, ba mai yarda a haɗa shi inji ɗaya da ni. Wannan duk mai sauƙi ne. Innarmu ba ta taɓa buɗe baki ta ce ni ne ba, amma daga shekarar nan, in mun je gida, Yaya take miƙa wa tuwo da hannunta, nawa ta ajiye a ƙasa ta tura da gefen ƙafa. A haka ta rasu. Yaya ya koma sayar da rake, ya koya mini gurmin da baki, yana cewa danna nan, saki can, idonsa a kan yatsuna. Ranar da zai cika ya ce, “Auta, na ji usur ɗin nan, ka daina cin kanka.” Na daina cin kaina, amma ban daina jiran Heluma ba. Ya yi kuɗi da fataucin fata, ya je Makka, ya gina gida a Dorayi, ya zama mai faɗa a ji a masallacin unguwa. Ni na tsufa a kan benci.

Akwai kuma wani mawaƙin zamani da na san muryarsa tun kafin in san fuskarsa, ba don ina so ba. Akwai lokacin da ba adaidaita sahun da za ka shiga ba ka ji shi ba. Kiɗan kwamfuta ne mai dukan ƙirji, murya an matse ta cikin na’ura har ta koma kamar ɗan akuya a cikin garwa, kalmomin kuma ba su wuce ke ce zumata, ke ce madarata. Jikokina mata duk suna da shi a waya, da hotonsa, gashi a tsaye, baƙin tabarau, sarƙa kamar ta ɗaure kare. Sai kuma aka daina jin sabuwar waƙarsa. Ashe ni yake nema. Wata ranar Asabar da hantsi wani mutum ya ajiye mota can nesa, ya tako da ƙafa cikin kaftani mara aiki, ya durƙusa ya gaishe ni.

“Baba, an ce mini akwai tsohon gurmi a wajenku, da waƙoƙin ma’aikatan da.”

Na ce, “Kai da kake da injin da ke yi maka kiɗa, me za ka yi da ƙwarya?”

Ya yi dariya, ya ce, “Baba, injin ne ya kunyata ni. A wani biki wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, aka ce in yi da baki. Na buɗe baki na ji ba komai a ciki. Shekara goma ina ihu, ashe ban iya waƙa ba.” Sannan ya ce, “Kuma akwai kakana, shi ya rene ni. Ya ce kar in ƙara taka zaurensa sai na zo da waƙar da zai ji ba tare da ya sake alwala ba. Ya tsufa sosai, Baba. Ina so in shiga zauren nan kafin a fito da shi.”

Ya ciro waya ya nuna mini hoton kakan. Rawani ya rufe rabin goshin, amma bai rufe tabon ƙunar ba. Na daɗe ina kallo har wayar ta yi duhu. Heluma ne, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na ce masa ya dawo gobe da goro.

Ya fi shekara yana zuwa. Gaskiya yaron yana da kunne, matsalarsa ɗaya, tsoron shiru. Ko’ina ya ga fili a waƙa sai ya cusa wani abu, guɗa ko karkarwar murya ko karin kiɗa. Kullum maganata guda ce, rage. Ya rage, in ce ƙara ragewa. Na ce masa waƙar aiki ba ta mutum ɗaya ba ce, rabi naka, rabi na abokin aikinka, in ka dire baiti ka kame bakinka ka bar masa gurbinsa, in ka cinye gurbin amshi wani zai rasa hannu. Ya yi dariya, ya ɗauka salon maganar tsofaffi ne. Yatsunsa masu laushi suka yi kanta. Muryarsa ta sauko daga hanci ta dawo ƙirji. Ya fara fitar da waƙoƙi da gurmi da ƙwarya kawai, ɗaya ta masu roron gyaɗa, ɗaya ta daka da ya tuna daga bakin mahaifiyarsa. Samarin da ke binsa suka ce ya ƙare, ya koma ƙauye, masu biki suka daina kiran sa. Amma sai ga iyayensu mata suna sa waƙar suna tsintar shinkafa, direbobin tirela suna tsayawa a ƙofata su ce wai nan ne yake koyo? Ranar da ya kaɗa mini ta mutanen Damagaram daidai yadda Yaya ke yi, na tashi na zaga bayan sito, don ban so ya ga idona ba.

Mai ɗakina ta san abin da nake dafawa. Ta ce, “Malam, yaron nan me ya yi maka? Har maganin ƙafa yake kawo maka.” Na ce, “Ba abin da ya yi mini. Yatsun Yaya me suka yi wa kakansa?” Ta ce in ji tsoron Allah. Na ce ina ji, shi ya sa ba da wuƙa zan je ba.

Sai a ƙarshe na ba shi waƙar inji. Na gaya masa yadda ake aikin, ban gaya masa sunan kowa ba. Na ba shi baitin fata, na ba shi na ganda, sannan na ɗora wanda na ƙaga da kaina, na yi shekaru ina taunarsa a kan benci:

Mai usur ya busa da hantsi,
Aka tambaye shi ya rantse bai busa ba.
Yatsu huɗu suna can cikin ganga,
Wa zai danna tsirkiya, Auta?

Ya ce, “Baba, wannan ce zan kai wa Alhaji. Ai shi ma ya yi aikin fata a Challawa yana saurayi, zai ji ta har ransa.” Na ce, “Zai ji kuwa. Ni zan raka ka in yi maka amshi.”

Bayan la’asar muka isa Dorayi. Heluma yana kishingiɗe a zaure kan kilishi, tumbin ya zube, ido ya yi hazo, carbi a hannu, dattawan unguwa uku na zaune tare da shi. Jikan ya durƙusa ya ce, “Alhaji, na zo da waƙar. Ga kuma malamina.” Tsohon ya ce, “To, ɗan nema, mu ji. In na ji madara ko zuma, sanda na nan kusa.” Aka yi dariya. Ya miƙo mini hannu muka gaisa, bai gane ni ba. Na ƙirga yatsunsa a cikin tafina, biyar cif.

Gurmi ya fara a hankali. Da jikan ya ce fata ta kwanta, hannu ya tashi, na ga carbin ya tsaya. Na amsa, “Na taka, Yaya, na taka,” ƙafata ta dama ta danna tabarma da kanta. A baitin ganda dattawan suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce kai, mutanen da akwai baki. Heluma bai yi dariya ba. Jikan ya shiga baitin ƙarshe, idonsa a rufe, murya ƙasa ƙasa, ya dire a kan wa zai danna tsirkiya, ya ɗora tafinsa a kan gurmi ya bar mini gurbina. Ban yi amshi ba.

Na ce, “Heluma.” Rabon da a kira shi da sunan nan Allah kaɗai ya sani. “Ni ne Auta, wanda ya taka. Tambayar da Manaja ya yi maka ce na kawo maka. Ka busa ko ba ka busa ba?”

Ya gyara zama. “Bawan Allah, abin da ya wuce ya wuce. Ƙaddara ce, ba mai tsallake ta.”

“Ban musa ƙaddara ba. Ƙaddara ta yanke yatsu, amma ba ita ta dafa ƙirji ta ce wallahi ba. Ka busa?”

Ɗaya daga cikin dattawan ya fara cewa a yi haƙuri, girma ya kama kowa. Jikan ya ɗaga masa hannu. Ya dubi kakansa ya ce, “Alhaji, kuna da usur a Challawa?” Daga nan bai ƙara ko kalma ba. Abin da na shekara ina koya masa shi ya yi, ya kame bakinsa ya bar gurbi. Zauren ya yi tsit har muna jin mai rake yana kira a waje. Ban san tsawon lokacin ba. Sai tsohon ya ce, da wata murya kamar ta yaro, “Na busa. Mai ɗaukar buhu na kira. Na busa.” Ya lalubo gefen rigata. “Ka yafe mini, don girman Allah.”

Na janye rigata. Na ce, “Yatsun ba nawa ba ne. Mai su yana kwance a maƙabarta, ka tambaye shi da kanka, ai kun kusa haɗuwa. Nawa kason kuwa, sunana da ka ɓata da tuwon da uwata ta tura mini da ƙafa, ban yafe ba.” Na dubi dattawan na ce ku shaida, na sa takalmina na fito.

Jikan ya tarar da ni a bakin titi, idonsa jajur. “Baba, tun yaushe kuka sani?” Na ce tun ranar hoto. Ya gyaɗa kai, ya ce, “Ashe ni ma usur kuka mai da ni, kuka busa.” Maganar ta shige ni. Ya miƙo mini gurmin, na ce ya riƙe, hannu mai yatsu biyar yake so. Ya tsayar mini da adaidaita sahu, ya juya ya koma zauren. Tun daga ranar bai sake takowa Sharada ba. Maganin ƙafa yana zuwa ta hannun direba, ba gaisuwa.

Na ɗauka zai binne waƙar. Bai binne ta ba, ya fitar da ita da baitocinta duka, kuma ita ce ta fi kowace tasa tafiya. An ce mai shayin da ke kallon gidan Heluma kullum da safe sai ya sa ta, unguwa kuma ta san ko wane ne mai usur, tsohon ya daina zama a zaure. Da na ji haka na ci tuwo na ƙara. Limaminmu ya ce mini yafiya ta fi, na ce na sani, Malam, ban dai kai can ba. Ina kewar yaron, wannan ma ban musa ba, ranar Asabar nakan kama kaina ina duban inda yake ajiye mota. Amma da za a mayar da ni zauren nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Abu ɗaya ne ya yi da ban koya masa ba. A waƙar da ya fitar bai sa kowa ya yi amshi ba. In ya dire baiti sai gurmi ya tsaya, a yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba. Jikokina sun ce wai sabon salo ne, har wasu mawaƙa sun fara kwaikwaya. Ni in ta zo a rediyo da hantsi, ina kan bencina, Sharada tsit sai kurciya, nakan jira ya kai ƙarshen baitin, in tabbata hannu ya fita. Sannan in ce, “Na taka, Yaya, na taka.”